Idan Wuta Ta Ci Faifan Kwamfuta

Da damina ta kankama, aikinmu na masu gyaran kwamfuta yakan sauya kama. Da rani ƙura da zafi ne ke turo mana mutane, da damina kuwa tsawa da iska. Iska ta kaɗa wayoyi su haɗu, ko wayar nutural ta tsinke a taransifoma, sai wutar da ya kamata ta shigo gida a bolt 230 ta haura har kusan 400. Ƙwan fitila ya yi wani irin haske ya fashe, fanka ta ɗauki gudu, gida ya cika da ƙaurin roba. Washegari sai ka ga unguwa guda a layin masu gyara, wannan da talabijin, wancan da firji a bayan a-daidaita. A cikinsu wanda nasa ya fi ciwo shi ne mai riƙe da abin da bai wuce tafin hannu ba, wato faifan ajiyar kwamfuta, had-dis. A cikinsa akwai lissafin shago na shekara da shekaru, ko kundin digirin da saura mako guda a miƙa, ko hotunan bikin da aka riga aka karɓi kuɗinsa aka kashe.

Tambayarsu ɗaya ce: "Injiniya, kayana suna nan?" Amsar da nake bayarwa ita ce, in wuta ce kawai ta taɓa shi, kuma ba wanda ya yi masa karambani bayan haka, to da wuya a ce ba sa nan. Ba lallashi nake yi ba. Yadda aka ƙera abin ne ya sa haka.

Ka juya faifan ka dubi cikinsa. Za ka ga wani fanel kore ko shuɗi an ɗaure shi da ƙananan sukurori masu bakin tauraro. Ta nan wuta ke shiga, kuma nan ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa komai take. Amma bayananka ba a nan suke ba. Suna can cikin akwatin ƙarfen da aka rufe ruf, a kan wasu faya-fayai masu ƙyalli da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, waɗanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai hannu mai ɗauke da allura da ke kai da komo a kansu kamar ta garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa faifan ko kaɗan. Iskar da juyin ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a tazarar 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin gashin mutum ɗaya ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Rubutun da allurar nan ta yi na maganaɗisu ne, ba ya bukatar wuta don ya zauna. Wutar da ta zo da ƙarfi fanel take fara samu, kuma sau da yawa nan take tsayawa.

Masu ƙera shi ma sun san da haka, shi ya sa suka ajiye mata mai tare hanya. Babban faifai na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, layin wuta biyu yake sha: bolt 12 don motar da ke juya faya-fayan, da bolt 5 don ƙwaƙwalwa. Ƙaramin na laftof, mai inci 2.5, bolt 5 kaɗai yake bukata. A bakin waɗannan layuka, dab da inda ake soka waya, yawancin manyan faya-fayan suna da wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, dayod ɗin TVS. Muddin wuta na zuwa daidai, ba ruwansa da kowa. Da ta wuce ƙima sai ya buɗe mata hanya zuwa ƙasa, in kuma ta fi ƙarfinsa ya narke ya haɗe layin gaba ɗaya, ya mutu don sauran su tsira. Alamar wannan ba ta ɓuya. Ka danna maɓallin kunna kwamfuta, fanka ta ɗan motsa ta tsaya cak. Ka zare faifan, kwamfuta ta tashi lafiya lau. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna, suna cewa faifan da ke kashe kwamfuta ai ya gama yawo. Ni kuwa in na ga haka hankalina kwanciya yake yi.

Wani yaro mai ɗaukar hoton biki ya taɓa zuwa mini da babban faifai na waje, irin mai cajarsa daban. Shi ba ma wutar gari ce ta cuce shi ba. An ɗauke wuta, ya tayar da janareta, a cikin duhu ya laluba ya soka masa cajar laftof. Bakin cajojin iri ɗaya ne, ya shige daram, amma ta laftof bolt 19 take bayarwa, faifan kuma 12 yake so. Ya ce ya ji "ɗas", sai ƙauri.

"Oga, amaryar nan 'yar unguwarmu ce. In hotunan nan suka tafi, wallahi sai dai in bar garin."

"Ka sake kunna shi bayan nan?"

"Sau ɗaya, da cajarsa ta gaskiya. Fitilar cajar ce ma take ɗaukewa."

"To zauna, ƙanena."

Na fasa robar waje na zaro faifan, na kwance fanel ɗin na juya shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Dayod ɗin bolt 12 ya tsage a tsakiya, gefensa ya yi baƙi, fentin fanel ya ɗan kumbura. Na sa mita a ƙafafunsa biyu, ta yi ƙara. Na juya wayoyin mitar, ta sake yin ƙara. Lafiyayye ba ya haka. Na duba na bolt 5, shiru, lafiyarsa ƙalau. Na duba ɗan fis ɗin da ke kusa, bai yanke ba. Ai-si ɗin da ke tuƙa mota ba ƙuna ba kumburi. Sai na ɗumama ƙarfen dalma na ɗauke mataccen dayod ɗin, na goge wurin, na sake aunawa na tabbatar layin ya rabu da ƙasa. Na mayar da fanel, na haɗa shi da wutar da na yarda da ita, na kanga kunnena. Ya tashi da wannan siririn kukan da ke hawa a hankali har ya daidaita, allura ta yi 'yar ƙas-ƙas ɗinta ta karatu, sunan faifan ya fito a allo. Yaron nan har da sujada a ƙasan shago. Ban bar shi ya buɗe hoto ko ɗaya ba sai da muka kwashe komai zuwa wani faifan, domin wanda aka cire wa dayod ba shi da sauran kariya. Wuta ta ƙara yin ko da ɗan tsalle ne, kai tsaye za ta wuce ciki.

Wannan shi ne mai sauƙin. Mataki na gaba shi ne in wutar ta tsallake dayod ta ƙona ai-si ɗin mota ko babbar ƙwaƙwalwar. A nan sai an nemo wani fanel, kuma a nan ne ake yawan tafka kuskure. A da can, wajen farkon shekarun 2000, kana iya ciro fanel daga faifai irinsa ka ɗaura, ya tashi. Yanzu wannan zamani ya wuce. Rubutu ya yi ƙanƙanta ainun, har ya zama ba alluran faifai biyu da suke daidai da juna ko da rana ɗaya aka ƙera su. Saboda haka a masana'anta ake gwada kowane faifai shi kaɗai, a auna halin allurarsa, a rubuta ma'aunin a cikin wata 'yar ƙwayar ROM mai ƙafa takwas da ke kan fanel, wadda lambarta kan fara da 25. In ka ɗaura baƙon fanel da baƙuwar ROM, faifan zai juya amma ba zai gane kansa ba. Ko ya yi ta ƙwas-ƙwas, ko ya nuna girman da ba nasa ba, ko ya yi shiru.

Aikin gaskiya shi ne a samo fanel mai lamba ɗaya da wadda aka buga a jikin wanda ya ƙone. Na Western Digital lambar da 2060 take farawa, na Seagate kuma da 100. Daidaiton sunan faifai da girmansa bai isa ba, lambar fanel ake bi. Wani lokaci a same shi a tarin matattun faya-fayai a nan Kano, wani lokaci sai an aika Computer Village a Ikeja, ko a yi odarsa daga Sin a jira. In ya zo, sai a ɗauke ROM ɗin tsohon da iska mai zafi a dasa a sabon. Mai hankali yakan fara karanta abin da ke cikinta ya adana a kwamfuta kafin ya kai mata zafi, don in ta fashe a hannunsa, aikin da ya kamata a gama kafin la'asar ya zama na manyan ƙwararru. Akwai kuma faya-fayan da ba su da ROM a waje, an cusa ta cikin babbar ƙwaƙwalwar. Waɗannan sai da na'ura ta musamman, irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, wadda tsadarta ta sa ba kowane shago ke da ita ba. Shi ya sa nake roƙon mutane: kome ƙunar fanel, kada a jefar da shi. Na ga wanda ya zo da faifai tsirara, ya ce wani ya cire fanel ɗin ya yar tunda ya ƙone. Abin da aka yar ɗin nan shi ne rabin maganin.

Mafi muni shi ne in wutar ta bi ta layin bolt 5 ta shige cikin akwatin. A jikin hannun allura akwai wata 'yar ai-si da ke ƙara ƙarfin siginar da allura ta karanto, don siginar ba ta da ƙarfin da za ta isa fanel da kanta. In ta ƙone, ka sa sabon fanel da ROM ɗinsa daidai, faifan ya juya, ya yi ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya tsaya. Wani sa'in ma matacciyar ta kashe sabon fanel ɗin. Gyaran wannan sai an buɗe akwati an sauya hannun allura gaba ɗaya da na faifai irinsa, kuma ba a yin haka sai a ɗaki ko akwatin aiki mai tace iska. Ka tuna tazarar da na faɗa tsakanin allura da faifai. Ƙwayar ƙura ɗaya ta ninka ta sau ɗaruruwa. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon da aka rufe, buɗe faifai a kan teburin shago kisa ne. Ni in aiki ya kai nan nakan gaya wa mai shi gaskiya cewa ya fi ƙarfin shagona, ya nemi masu kayan aikin, kuma ya shirya kuɗi, don sau da yawa ladan aikin yakan ninka kuɗin sabon faifai.

Don a san irin taurin ran rubutun da ke kan faya-fayan nan: ranar 1 ga Fabrairun 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sararin jihar Texas yana dawowa duniya, 'yan sama jannati bakwai suka rasu. Cikin tarkacen da aka tsinto akwai wani faifan Seagate, ya ƙone ya narke ta waje, fanel ɗinsa ya zama gawayi. Kamfanin Kroll Ontrack ya ciro faya-fayan cikinsa, ya wanke su, ya dasa su a wani akwatin, aka karanto kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ke kansu, wato sakamakon wani gwajin kimiyya da aka yi a kumbon kan iskar zenon. A 2008 aka wallafa binciken. To faifan da ya faɗo daga sama cikin wuta ke nan.

Amma wanda ya faɗa hannun mai karambani ba ya samun wannan sa'ar. An taɓa kawo mini faifan wata Hajiya mai shagon buga takardu, bayan ya kwana biyu a wajen wani. Takardar da ke rufe sukurori a yage, alamar an buɗe. Da na leƙa, ga sawun babban yatsa ɓaro-ɓaro a kan faifan sama, ga wani zobe da allura ta kankare, ga garin ƙarfe ya bi ko'ina. Garin nan shi ne takardunta. Na auna fanel ɗin, ashe dayod ne kawai ya mutu tun farko. Garin gyaran gira aka rasa ido. Na ce, "Hajiya, sai haƙuri," ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ta miƙe. Har yau abin na ci mini rai, don aikin da ba zai hana ni sallar azahar a kan lokaci ba ne.

Irin wannan karambanin yana da 'yan'uwa. Akwai masu sa faifai a firiza wai ya huce. In ya fito raɓa ta kwanta a kan faya-fayan, allura ta bi ta kai. Akwai masu bubbuga shi a tebur. Wanda ya fi yawa, kuma kowa na yi ba tare da ya san laifi ba ne, shi ne a yi ta kunnawa ana kashewa ko Allah Zai sa ya tashi. Faifan da ke ƙwas-ƙwas, duk kunnawa ɗaya ƙarin rauni ne. In ka ji ƙauri, ko ka ji baƙon sauti, zare shi. Kada kuma ka gwada shi a kwamfutar da wutar ta buga, don akwatin wutarta na iya zama shi ne ya lalace yake aiko da abin da ya wuce ƙima. Haka mutum zai ƙona faifai na biyu yana neman ceton na farko.

Wani lokacin kuma ba abin da ya ƙone. Wuta ce ta ɗauke faifan na tsakiyar rubutu. Allurar kanta tana da dabara: da wuta ta yanke, motar da ke kan juyi takan zama ɗan janareta na ƙiftawar ido, da wannan 'yar wutar ake janye allura zuwa ma'ajiyarta. Amma rubutun da aka fara ba a gama ba ya riga ya tsaya a rabi, kuma in ya faɗa kan jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, sai Windows ta ce ba ta gane faifan ba, a yi masa fomat. Kada ka yarda. Kada ka bar ta ta yi masa gyaran kanta da CHKDSK, don ita burinta jadawali ya daidaita, ko da za ta yanke fayilolinka ta zubar. Kada kuma ka saukar da manhajar ceto a kan faifan da kake son ceta, sabon rubutu a kan tsohon yake hawa.

Ko wane iri ne cikin waɗannan, da zarar faifai ya tashi, abin farko shi ne a ɗauki hotonsa gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayyen faifan da ya kai shi girma. Ni da ddrescue nake yi, manhajar kyauta ce ta GNU da ke aiki a Linux. Abin da ya sa nake son ta, ba ta da taurin kai. In ta iske wurin da ya ƙi karantuwa sai ta tsallake, ta kwashe mai sauƙi tukuna, tana rubuta inda ta tsaya, daga baya ta dawo ta lallaɓa wuraren da suka ƙi. In wuta ta ɗauke ana cikin yi, ta ci gaba daga inda ta tsaya, wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Kwafin Windows na yau da kullum kuwa yakan tsaya a gurbi ɗaya yana nacin karantawa har faifan da ke numfashi sama-sama ya cika. Bayan an samu hoton, sai a ajiye marar lafiyan a gefe, a yi duk wani tone-tone a kan kwafin. TestDisk na iya maido da jadawalin da ya rikice. In jadawalin ya tafi sam, PhotoRec kan tsinto fayiloli ta hanyar gane kamanninsu, sai dai za su dawo ba suna ba folda, mai su ya zauna ya yi ta tantancewa. Dukansu biyun kyauta ne, Christophe Grenier ɗan Faransa ne ya rubuta su.

A nan akwai maganar amana, wadda ba a cika yi ba. Mai ceto yana ganin komai: hotunan iyali, takardun gado, saƙonnin da mai su ya manta da su. Ka zaɓi wanda za ka ba faifanka kamar yadda ka san abin da ke ciki, ka tambaye shi yaushe zai goge kwafin da ke wajensa, kuma in ya ce zai buɗe akwatin, ka ce ya nuna maka inda zai buɗe shi.

Sababbin kwamfutoci da yawa yanzu SSD ke cikinsu, ba faifai mai juyi, ba allura. Sun fi sauri, sun fi jure faɗuwa, amma in wuta ta ci su labarin ya fi wuya, domin bayanan a warwatse suke cikin ƙwayoyin ajiya, kuma ƙwaƙwalwar da ta san yadda aka warwatsa su tana kan fanel ɗin da ya ƙone. Ga kuma kulle. Laftof da yawa masu Windows suna zuwa da BitLocker a kunne mai su bai sani ba, kuma in aka ciro ma'ajiyar aka kai wata kwamfutar sai an kawo mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita. Wasu faya-fayan waje na Western Digital, irin My Book, su ma suna rikita bayanai ta ɗan fanel ɗin USB da ke cikin robar. Don haka in za ka kai gyara, ka kai shi da robarsa da cajarsa da komai.

Game da kariya, sitabilaiza tana da amfaninta, amma mutane na ɗora mata abin da ba ta iya ba. Tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko ta hau a hankali. Tsallen da tsawa ke haifarwa kuwa ya shige kafin ta motsa. Soket mai kariyar tsalle yana da wani abu a ciki da ke shanye bugun, amma duk bugu yana cin ransa, wata rana ya zama soket kawai ba tare da ya sanar da kai ba, kuma bai cika yin cikakken aiki ba a gidan da ba a binne wayar ƙasa da kyau ba. UPS ya fi, don yana ba ka damar kashe kwamfuta cikin natsuwa. In hadari ya haɗo, ko za a juya daga janareta zuwa wutar gari, zare filogi ya fi duk waɗannan arha. Faifan waje da kake ajiye kwafi a ciki, in kullum yana soke a soket ɗaya da kwamfutar, bugu ɗaya ne zai tafi da su tare. A kwafa, a zare, a sa a durowa. Cajarsa kuma a naɗa mata jan salatif.

Faifan da aka ceto ba na yarda a mayar da shi bakin aiki, ko da na sa masa sabon dayod, sai dai a riƙa ɗora masa finafinai da abin da ba za a yi kukan rashinsa ba. Yawancin masu su ma ba sa son sake ganinsa. In sun bar mini, nakan goge shi tas in yana goguwa, in rubuta lambar fanel ɗinsa a takarda in manna, in jefa shi durowar ƙasa. Daga wannan durowar nake samun yawancin fanel ɗin da nake dasa wa na wasu.